Gyatsar Gagare a Ƙirjin Baiwa

A Darini, in ka tambayi gidan Gagare ba wanda zai ce maka wane Gagare, duk da mutumin ya shekara shida a kabari. Gyatsarsa ce ta yi masa suna. In ya ci tuwo ya jingina da rumbu ya saki guda ɗaya, kaji sukan watse, mai sallama a ƙofa ya ɗauka an amsa masa ya faɗo cikin gida. Kowa na dariya, shi ma yana yi, amma in ka lura hannunsa na dafe da ƙirjinsa. Ƙwannafi ne ke cinsa tun yana saurayi. Mai kemis ya ce olsa ce, wanzami ya ce majina ce ta daskare, shi kuwa ya ce ko ma mece ce kanwa ta fi ta. Yana da wani dunƙulen jar kanwa a cikin ƙoƙo a gindin rumbu, ya lashe shi har harshensa ya yi masa rami a tsakiya.

Matarsa Baiwa 'yar Tsaskiya ce, can ƙasar Safana. Gidansu na Maguzawa ne, kakarta kuma 'yar bori ce da aka sani har Runka. Da zamani ya juya, gidan ya rabu biyu ba tare da faɗa ba: wanta Daniel ya bi coci, ita ta musulunta ta auri Gagare. Shekara talatin ba wanda ya tuna daga inda ta fito. Abin da aka sani shi ne ɗanwakenta, wanda ko mai azumin nafila in ya ji ƙamshin mansa sai ya fara tunanin ramuwa. Kuma mace ce mai kula da miji irin ta da. Da damina, kafin ya ɗauki fartanya, takan kwance ledar haɗin gajiya, ƙwayoyin nan ja da fari da rawaya da masu talla ke sayarwa a kasuwa, ta zuba masa uku ko huɗu a tafin hannu ta miƙa masa ruwa. Mai tallan ya ce sun fi aiki in ba a ci komai ba, don haka ba ta taɓa bari ya karya kafin ya sha ba.

Ranar da abin ya faru ana yankan gero ne. Da hantsi ta kai masa ɗanwake gona, ya ci, ya sha ruwa, ya miƙe zai koma aiki, sai ya durƙusa ya yi amai baƙi ƙirin kamar ruwan toka. Wansa Mani na tsaye a wurin. Ya dubi aman, ya dubi kwanon, ya dubi Baiwa. Ba ɗan acaɓan da ya yarda ya hau hanya, don jiya-jiya ɓarayin daji suka tare ta, kuma kafin a samo akori-kura a kai shi Batsari rai ya yi halinsa.

Mani bai taɓa buɗe baki ya ce sammu ba. Mutum ne mai tsoron Allah da kuma tsoron a ce ya faɗa. Mutanen gari ne suka faɗa masa a madadinsa, suka kuma tuno da kakar Baiwa wadda ta mutu tun kafin a kawo wutar lantarkin da ba ta zuwa.

Gidan babban gida ne, danga ce kawai tsakanin sashen Mani da na Gagare, kuma tun ana amarya akwai ciyayya a tsakaninsu: abin da aka dafa nan a zuba a kai can, na can a kawo nan. Da Baiwa ta fita takaba ta ɗora tukunya, ta zuba a kwanon sha mai murfi, ta kai bakin danga ta ajiye. Da la'asar Gambo, matar Mani, ta dawo da shi. Da nauyinsa. Ko murfin ba a ɗaga ba, man ya daskare a inda ta zuba shi.

"Sannu da aiki, uwar Asama'u," in ji Gambo, idonta a ƙasa. "Mun ƙoshi ne yau."

Shekara shida suna ƙoshi. Tuwon Gambo kullum yana zuwa, Baiwa ta ci ta wanke kwano ta mayar, nata kuwa ya je ya dawo kamar ɗan aiken da bai sami mutanen gida ba. Ba ta daina kaiwa ba. Wasu suka ce taurin kai ne, wasu suka ce rashin kunya. Ita dai ta san ranar da ta daina, ranar ta amsa laifin. Abin da ya fi ci mata rai shi ne zuwan ɗiyarta Asama'u daga Runka. Jikarta ta miƙa hannu cikin kwano, uwar ta janye hannun a hankali tana cewa yarinyar ba ta son wake. Yarinyar da aka yaye da wake.

A shekara ta biyu ne ƙirjinta ya fara zafi. Da farko in ta sunkuya shara sai ruwa mai tsami ya taso mata har maƙogwaro. Daga baya, wata rana da la'asar tana zaune a gindin rumbu, sai ta yi gyatsa. Kaji suka watse. Wannan ba gyatsarta ba ce. Ta san mai ita. Ta san yadda take farowa daga ƙasa, ta ɗan tsaya a tsakiya kamar mai neman izini, sannan ta fito. Ta juya ta dubi inda yakan jingina, ba kowa sai ƙoƙon kanwa. Ta ɗauko ta sa harshenta a ramin da harshensa ya yi, zafin ya lafa.

Daga ranar ta yanke wa kanta hukunci cewa mai gidan bai tafi ba, a ƙirjinta ya tare. Abin da ba ta sani ba shi ne ko zaman kewa yake yi ko zaman ƙara. In zafin ya taso takan ce a hankali, "Mi na yi maka?" Amsar kullum ɗaya ce, kuma kaji ne ke fara jin ta.

Ana nan sai ga Blessing, ɗiyar Daniel, wadda ta yi karatun aikin jinya, ta sauka daga babur da jaka a kafaɗa. Baiwa ba ta taɓa iya sunan ba, Bilesin take ce mata. Bayan an gaisa an tambayi mutanen Tsaskiya ɗaya bayan ɗaya har da jakin gidan, Blessing ta ja kwanon ɗanwake ta buɗe ta hau ci ba bismilla ba tambaya. Baiwa ta kau da kai don kada a ga idonta.

"Gwaggo, har yanzu kina lasar kanwar nan?"

"Ke kina da abin da ya fi ta?"

"Shi ya kawo ni."

Ta ce wasu likitoci ne daga jami'a suka zo Batsari suna bincike a kan ciwon ƙirji da kumburin ciki, ita kuma suka ɗauke ta aiki saboda ta san mutane. Abin da ya dame su shi ne duk wanda cikinsa ya yi zafi sai a ce olsa, a ɗora shi a kan magani iri ɗaya, alhali ciwon kala-kala ne. Wani ƙofar cikinsa ce ba ta rufuwa sosai, tsamin ciki ke tasowa sama. Wani kuma wata ƙwayar cuta ce ke zaune a cikinsa tana ci masa bango har ta yi gyambo. Suna so su gane wa ke da wanne, ba tare da an zura wa kowa kyamara ta maƙogwaro ba.

"Da mi za su gane?"

"Ko ki ba su numfashinki a leda, ko ki ba su bayan gida a kwalba."

Baiwa ta riƙe haɓa. "Bilesin, karatun da ubanki ya sayar da bijimi ya kai ki kenan?"

Gaskiya duk wanda ya tsara wannan bincike bai taɓa kwana a ƙauye ba. A ƙasar da mutum ke binne askinsa da yankan farcensa don kada su faɗa hannun maƙiyi, a ce ya hura ransa a leda ya miƙa wa baƙo, a rubuta sunansa a jiki, a sa a mota. Rabin mutanen da Blessing ta yi wa magana cewa suka yi ai ko mayu ba su kai ga wannan tsari ba, su a ɓoye suke kama kurwa, ba sa ba da kati. Baiwa kuwa ba kurwarta take tsoro ba. Tsoronta kada ta hura mai gidan ya fita, a tafi da shi Katsina a bayan mota.

Abin da ya sa ta yarda wata magana ce da Blessing ta yi tana suɗe hannu. Ta ce ciwon nan in ya yi nisa yakan sa mutum aman jini, wani lokaci baƙi.

Sharaɗin shi ne sati biyu ba kanwa ba maganin kemis, kuma ranar a zo ba a ci komai ba. Sati biyun nan Baiwa ta sha wuya. Ta kife ƙoƙon, ta riƙa zagaye shi kamar mai zagaye rijiya. A cikin kwanakin ne, da yake idon mai ƙishin abu ya fi gani, ta lura da wani fari-fari irin na mai lasar kanwa a gefen bakin Mani sa'ad da yake wucewa masallaci.

Ranar da ta je, an jera su a benci a farfajiyar asibiti. Aka ba ta wata leda mai sheƙi kamar cikin kwalin madara ta hura, aka ba ta wani ruwa mai tsami ta shanye, aka ce ta jira rabin awa ta sake hura wata. Wani tsoho kusa da ita ya hura tasa ya riƙe gam, ya ce sai an yi masa alkawarin in an gama za a dawo masa da abinsa. Baiwa ta hura tata a hankali, tana sauraren ƙirjinta. Ledar ta kumbura, ɗumi-ɗumi a hannunta.

A zaman jiran ne likitan, wani siriri da ake kira Dokta Nurain, ya zauna gabanta da takardar tambayoyi. Yaushe zafin ke tasowa, in ta kwanta ko in ta ji yunwa. Ko abinci na tsaya mata a wuya. Ko ta rame.

"Inna, kin taɓa yin amai baƙi, ko bayan gida baƙi kamar kwalta?"

"Ni dai a'a."

Ya ɗago kai. "Wa ya yi?"

Ba ta taɓa ba kowa labarin ba, don duk wanda ta sani ya riga ya san nasa. Ta faɗa masa tun daga yankan gero har akori-kura. Ta ce ana saura kwana uku mai gidan ya ce mata bayan gidansa ya yi baƙi, suka ce ko zoɓo ne.

Likitan ya ajiye biro. Ya ce shi bai ga marigayin ba, ba zai rantse a kan abin da bai gani ba. Amma jini ba ya yin baƙi nan take, sai ya jima a ciki tsami ya dafa shi. Mutumin da ya kwana uku yana baƙin bayan gida, jininsa ya daɗe yana zuba kafin a ɗora tukunyar ɗanwaken nan. Ba abincin da zai yi haka tsakanin loma da miƙewa.

Baiwa ta ji kamar an sauke mata dakon shekara shida. Har ta buɗe baki za ta yi godiya, sai ya duba takardarsa ya ci gaba, don tambayar tana cikin jeri.

"Kina shan maganin ciwon jiki? Irin haɗin nan na kasuwa?"

"Ni ba na sha. Shi ne dai."

"Kullum?"

"Da damina kullum. Kafin ya karya."

Likitan ya sake ajiye biro. Sannan ya ce yawancin haɗin nan akwai ƙwayoyin da ke cin bangon ciki, balle a ciki wayam. In mutum na da gyambo tun da, su ne kan buɗe shi.

"Ni ke zuba masa a hannu," in ji Baiwa.

"Inna, ba ki sani ba. Rabin ƙasar nan haka ake yi, shi ya sa muka sa tambayar."

"Na ji. Amma ni ke zuba masa."

Aka kira ta ta hura leda ta biyu. Ta hura. A kan babur, hanyar komawa, gyatsar ta taso har ɗan acaɓan ya waiwayo ya duba tayarsa ta baya, amma wannan karon ba ta tambayi mai gidan abin da ta yi masa ba.

Bayan kwana takwas Blessing ta dawo da takarda da ƙullin magani na sati biyu. An sami ƙwayar cutar a cikin Baiwa. Ta ce yawanci tun ana yara ake ɗaukarta, a gida, a ruwan sha da kwano ɗaya, mutum ya tsufa da ita bai sani ba. Ta ƙara da cewa a rage yaji, kada a kwanta da an ci abinci, a ɗaga wajen kai. Sannan ta sassauta murya.

"Gwaggo, bari in shiga wurin Baba Mani in karanta masa. In gaya masa abin da likita ya ce a kan baƙin jinin. Iyakar nan. Zancen haɗin gajiya ba sai ya ji ba, ba ya cikin takarda."

Baiwa ta dubi takardar. Ba ta iya karatu ba, amma ta ga gajeriya ce, kuma ta san da ita kaɗai za a ɗaga murfin kwanonta. Asama'u ma za ta saki hannun yarinya.

"Bar shi," ta ce. "Ni zan je."

Washegari ta yi ɗanwake. Da la'asar ta ɗauki kwano, maimakon ta ajiye a bakin danga sai ta yi sallama ta shiga, abin da ba ta yi ba tun rasuwar. Gambo ta tsaya da muciya a hannu. Mani na zaune a kan buzu a inuwar darbejiya yana jan carbi. Baiwa ta durƙusa nesa kaɗan, ta ajiye kwanon a tsakaninsu, ta gaishe shi da gajiya da iyali da ibada, ya amsa duka yana kallon carbinsa.

"Yaya, magana na zo da ita a kan ƙanenka. Biyu ce. In ka ji ta farko kada ka sallame ni sai ka ji ta biyu."

Ta faɗa masa ta farko, yadda likita ya faɗa, da kwana ukun da zoɓon. Carbin ya rage gudu. Sannan ta faɗa masa ta biyu, ba ta rage komai ba, har yawan ƙwayoyin da launinsu, har yadda take hana shi koko sai ya sha.

"Abin da kuke zato ban yi ba," ta ce. "Wanga kuwa na yi. Da hannun nan. In don shi za a ƙi cin abincina, to a ƙi, na san dalili."

Tukunyar Gambo na ta tafasa. Mani ya ajiye carbin. Can ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya fito da abu biyu ya ajiye a kan buzu: gutsuren kanwa, da ƙullin leda mai ja da fari da rawaya.

"Ranar wata kasuwa ya ce mani bayansa ya hana shi noma," in ji Mani. "Ni na kai shi wurin mai abin. Ni na ce masa ya fi aiki da safe."

Ba wanda ya ce wa wani ya yi haƙuri. Mani ya jawo kwanon ya ɗaga murfin, murfin ya ɗan manne saboda mai. Ya yi bismilla ya kai loma ɗaya, ya kai ta biyu, yana taunawa a hankali kamar mai koyon ci.

"Yajin ya yi yawa, uwar Asama'u. Ga ni da ƙirji."

"Sai ka je ka hura leda, Yaya."

"Su dawo wa mutum da abinsa?"

"Ba su dawowa da shi."

Ya ce zai duba. Gambo ta zo ta tsuguna ta sa hannu ita ma, tana ci tana share ido da gefen zane tana cewa hayaƙi ne.

Baiwa ta shanye maganinta na sati biyu, mai ɗaci kamar an jiƙa ƙusa, kuma zafin ya yi sauƙi sosai. Gyatsar ma ta tafi. Ta ɗauka za ta ji daɗi. Sai ga ta kullum da la'asar a gindin rumbu, ƙoƙon kanwa a gefenta ba ta lasa ba ta kuma yar ba, tana sauraren ƙirjinta kamar mai kasa kunne a ƙofar ɗakin da aka kwashe kaya. Ba ta sani ba ko ya yafe ne ya tafi, ko kuwa yana can Katsina a cikin leda da sunanta a jiki.

Wata ranar Laraba tana zaune haka, kwanon ciyayya ya dawo a wanke yana kife a kan turmi, sai ta ji gyatsar daga bayan danga, daga inda Mani ke zama. Ta faro daga ƙasa, ta ɗan tsaya a tsakiya, sannan ta fito. Kajin gidajen biyu suka watse. Baiwa ba ta juya ba. Ta dai gyara zama, ta matsa gefe kaɗan, ta bar wa mai gidan wurin jinginarsa.